Yadda Ake Amfani da Fim Wajen Gyara Kallon da Ɗalibai Ke Yi wa Amurka

Tambaya: Ni malamin Turanci ne a makarantar sakandare. Duk sanda zancen Amurka ya taso a aji, abu uku ɗalibaina ke faɗa: kowa a can mai kuɗi ne, kowa na yawo da bindiga, kuma ba ruwansu da addini balle zumunci. Ina so in riƙa nuna musu finafinai don su ga yadda rayuwar take a zahiri. Waɗanne zan zaɓa, kuma yaya zan tsara abin?

Amsa:

Malam, kafin mu kai ga sunayen finafinai, ka riƙe wannan: hoton da ke cikin kan ɗaliban nan fim ne ya zana shi tun farko. Ke nan da abin da ya kawo cutar za ka yi magani, don haka kunna fim kawai a zauna a kalla ba zai wadatar ba. Aikin yana wajen zaɓe, da inda za ka dakatar da fim ɗin, da tambayar da za ka jefa musu in ka dakatar.

Akwai dalilin da ya sa irin Amurkar da suka sani ita kaɗai ke isowa nan. Manyan finafinan Hollywood sau da yawa fiye da rabin kuɗin da suke samu daga wajen Amurka yake fitowa, kuma abin da ke sayuwa a ko'ina shi ne wanda ba ya buƙatar tafinta: tsere da mota, harbi, gobara, katafaren gida. Fim ɗin da ya tsaya a kan matar da ke aiki biyu don ta biya kuɗin haya magana ce zalla, shi ya sa ba ya kaiwa gidan kallo ko shagon masu tura fim a waya. Su kansu Amurkawa abin bai bar su ba. Tun shekarun 1970 George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania ya nuna cewa masu yawan kallon talabijin a can sun fi sauran mutane ɗaukar duniya a matsayin wuri mai haɗari, suna kuma kambama yawan tashin hankalin da ke kewaye da su. In wanda ke zaune a ƙasar ya ruɗu haka, ina ga yaron da bai taɓa ganinta ba sai a allon waya?

Ranar farko kada ka nuna komai. Raba wa kowa 'yar takarda, ya rubuta jimla biyar da suka fara da "Amurkawa", a gefen kowace jimla kuma ya rubuta inda ya samo ta: fim kaza, waƙa, Facebook, ko labarin wani ɗan'uwa da ya je. Ka karɓa ka adana. Takardun nan su za su gaya maka finafinan da kake buƙata, kuma da su za ka auna ko wani abu ya canza a ƙarshen zango. A ranar ce kuma za ka yi musu tambayar da ta fi kowace buɗe ido: da a ce Ba'amurke bai taɓa ganin Kano ba sai a finafinan Kannywood, me zai ɗauka game da girman falonmu, da motocinmu, da abin da ke cinye mana lokaci? Za su yi dariya, amma daga nan sun gane cewa fim zaɓe yake yi, kuma kowa ana iya yi masa kuɗin goro.

Ma'aunin zaɓen fim guda uku ne. A san garin da abin ya faru, a san shekarar, kuma a ga mutanen suna sana'ar da suke ci da ita. Fim ɗin da jaruminsa ba a taɓa ganin yana neman kuɗi ba amma yana zaune a gidan alfarma, shi ne ainihin wanda ya haifar da matsalar.

A kan zancen kuɗi, Hoop Dreams na 1994 yana kan gaba. Fim ne na gaskiya, ba 'yan wasa a ciki. An bi wasu yara biyu baƙar fata na birnin Shikago, William Gates da Arthur Agee, kusan shekara biyar, kowannensu na fatan ƙwallon kwando ta fitar da shi daga talauci. Akwai wurin da aka sallami Arthur daga makarantar kuɗi saboda iyayensa sun kasa biya, akwai wurin da aka yanke wa gidansu wuta suna zaune a duhu, akwai kuma ranar da mahaifiyarsa ta karɓi takardar shaidar mataimakiyar ma'aikaciyar jinya tana hawaye. Duk ɗalibin da aka taɓa koro shi gida a kan kuɗin makaranta ba sai an yi masa bayani ba. Tsawonsa ya kusa awa uku, sai ka raba shi zama uku. In ɗalibanka sun san The Pursuit of Happyness na 2006, wanda mutumin ciki ya tashi daga kwana a tashar jirgin ƙasa ya zama attajiri, to ka jera su gefe da gefe. Dukansu labarin gaske ne, amma cikin yaran Shikago biyun babu wanda ya kai babbar gasar NBA. Ka tambaye su wanne ne ya fi yawan faruwa, kuma me ya sa ɗayan ne kawai ya zaga duniya.

American Factory na 2019 ya fi shi sauƙin yankawa. Kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta kusa da Dayton a jihar Ohio a 2008, daga baya wani kamfanin gilashin mota na ƙasar Sin, Fuyao, ya buɗe wurin. Wata ma'aikaciya ta faɗa da bakinta cewa a da tana samun dala 29 da wani abu a awa, yanzu kuma dala 12.84. Ganin Amurkawa suna aiki a ƙarƙashin shugabanni 'yan Sin kaɗai ya isa ya girgiza abin da yawancin ɗalibai suka ɗauka.

To a nan ne kuskure mafi girma ke faruwa, kuma kusan kowane aji sai ya faɗa ciki. Da zarar an ambaci dala, wani zai ciro waya ya mayar da ita naira, sai aji ya ɗauka da "ai wannan ma mai kuɗi ce". Kada ka hana su lissafin, ka ƙarasa musu shi a kan allo. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun 2009. Awa 40 a mako ya ba da dala 290, a wata kusan dala 1,257, kafin a cire haraji. Matsakaicin kuɗin hayar gida a ƙasar a 2023 ya kai kimanin dala 1,400 a wata. Ke nan mai wannan albashin ko bai ci abinci ba bai biya matsakaicin haya ba. Ka faɗa musu gaskiya cewa jihohi da dama sun sa nasu mafi ƙarancin sama da haka, kuma ma'aikata kaɗan ne ke kan wancan matakin na ƙasa, amma lissafin ya koya musu cewa ba a auna albashi sai da abin da yake saya a inda ake karɓarsa. Haka batun mota. Ɗalibi zai ce wane irin talaka ne da mota da firji? A mafi yawan garuruwan Amurka babu motar haya mai bin kowane lungu, babu ɗan acaɓa, babu adaidaita. Wanda ba shi da mota ba shi da hanyar zuwa aiki, don haka tsohuwar mota takan zama abu na ƙarshe da talaka zai rabu da shi, wani ma a cikinta yake kwana. Hukumar ƙidayar ƙasar ta ce a 2023 mutum miliyan 36.8 ne ke cikin talauci, wato kashi 11.1 cikin ɗari, kuma ƙidayar dare ɗaya da aka yi a watan Janairun 2024 ta samu sama da mutum 770,000 marasa matsuguni.

Nomadland na 2020 yana nuna wannan fili: wata dattijuwa ce ta koma zama a ƙaramar motar bas bayan masana'antar da ta riƙe garin Empire a jihar Nevada ta rufe a 2011, garin ya watse. Sai dai akwai wurin tsiraici a ciki, don haka guntaye za ka ciro, kada ka saki fim ɗin gaba ɗaya.

Batun zumunci kuwa, The Straight Story na 1999 ba shi da na biyu a aji, ga shi kuma an ba shi alamar G, wadda ke nufin kowa na iya kalla. Labarin gaske ne na wani tsoho ɗan shekara 73, Alvin Straight, wanda a 1994 ya ji ɗan'uwansa ya samu shanyewar jiki. Sun daɗe ba sa magana. Idonsa ya yi rauni, ba shi da lasisin tuƙi, da sanduna biyu yake tafiya. Sai ya hau injin yankan ciyawa mai kujera, ya ɗaura masa 'yar tirela, ya kama hanya daga Iowa zuwa Wisconsin, kusan kilomita 390, yana tafiyar da ba ta wuce kilomita takwas a awa ba, har tsawon mako shida. A hanya gonakin masara ne iya ganinka, da ƙananan garuruwa, da mutanen da suka ba shi wurin kwana a bayan gidansu lokacin da injin ya lalace. Dakatar da fim ɗin a daidai lokacin da ya isa ƙofar ɗan'uwan, kafin su haɗa ido, ka tambayi aji me suke jin za su ce wa juna. Sannan ka saki. Kalmomin da suka furta ba su taka kara sun karya ba, zama kawai suka yi a baranda, kuma shirun nan ya fi kowace lacca tasiri a kan mai cewa Bature bai san ɗan'uwa ba. Fim ɗin yana tafiya a hankali ƙwarai, ka gaya musu tun farko, in ba haka ba masu jiran harbi za su fara hamma a minti na goma.

Minari na 2020 yana ɗauke da abubuwa da yawa lokaci guda: baƙunta, noma, coci, da zama da kaka. Iyali ne 'yan Koriya da suka koma ƙauyen jihar Arkansas a shekarun 1980. Farkon fim ɗin kaɗai ya isa darasi. Mota ta tsaya a fili, matar ta fito ta tarar gidan da mijin ya saya dogon akwati ne a kan tayoyi, ko matakala babu. Sana'arsu ware 'yan tsaki ce a wurin ƙyanƙyasa, maza gefe mata gefe, daga safe har yamma. Rijiyar gonar ta ƙafe. Kakar yaran ta zo daga Koriya da ƙullin garin barkono da busasshen kifi, jikan kuma ya ƙi ta, wai ba ta yi kama da kakannin Amurka ba. Ɗalibanka sun san ƙafewar rijiya, sun san kaka mai ƙulle-ƙulle, ta nan za su shiga labarin.

A kan addini, ka fara da lissafi: binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2023 zuwa 2024 ya nuna kusan shida cikin goma na manyan Amurkawa Kiristoci ne, kusan uku cikin goma kuma ba sa danganta kansu da wani addini. Cibiyar ta ƙiyasta Musulmi miliyan 3.45 a 2017. Fim ɗin da zai fi ba su mamaki shi ne Fordson: Faith, Fasting, Football na 2011, wanda ya bi ƙungiyar ƙwallon Amurka ta wata sakandaren gwamnati a Dearborn, jihar Michigan, garin da fiye da rabin mutanensa asalinsu daga Gabas ta Tsakiya ne. Yara ne Musulmi suna atisaye da azumi a bakinsu, suna buɗa-baki da iyayensu, suna kuma cewa su Amurkawa ne ba da wani shakku ba. In kana son tarihi, Prince Among Slaves na 2007 yana ba da labarin Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, Bafulatani ɗan sarauta daga Futa Jalon, wanda ya yi shekara 40 yana bauta a jihar Mississippi kafin ya samu 'yanci. Daga nan za su gane cewa Musulmin Afirka ta Yamma suna cikin tarihin ƙasar tun zamanin cinikin bayi.

Bindiga ita ce wurin da ya kamata ka yi taka-tsantsan, domin abin da ɗaliban suka faɗa yana da ƙamshin gaskiya, kuma in ka musa za su daina yarda da kai a sauran. Kusan ɗaya cikin uku na manyan Amurkawa ya ce yana da bindiga. A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar harbi, amma fiye da rabinsu kansu suka kashe, abin da finafinan faɗa ba sa nunawa. Abin da za ka gyara shi ne yanayin da bindigar ke bayyana. A The Straight Story tsohon ya ɗauko tasa ne ya harbe injinsa na farko don haushin ya mutu masa a hanya. A American Factory wani ma'aikaci ya gayyaci abokan aikinsa 'yan Sin gida, ya nuna musu bindigoginsa kamar yadda mutum ke nuna dokinsa. Ka sa su kwatanta wannan da fim ɗin faɗa na ƙarshe da suka kalla, su kuma tattauna ko sabawa da makami a gida haka ba shi ne wani ɓangare na matsalar ba.

Yanzu tsarin zaman. Minti 90 ya isa: 10 na shimfiɗa, 40 na kallo a kashi biyu ko uku, 30 na tattaunawa, 10 na rubutu. A shimfiɗar ka rataye taswirar Amurka, ka sa ɗalibi ya nuna jihar da yatsa, ka rubuta shekarar da labarin ya faru da manyan lambobi a allo. Kada ka raina wannan. Ƙasa ce mai jiha 50 da mutum miliyan 331 a ƙidayar 2020, ɗaya cikin biyar a karkara yake, sama da miliyan 40 Sifaniyanci suke yi a gida. In ba ka rubuta shekara ba, ɗalibi zai ɗauki Arkansas ta 1980 a matsayin Amurkar yau. Kada masu kallo su wuce 30. Ka kasa su rukuni biyar, kowane rukuni da abin da zai sa wa ido: ɗaya gida da abin da ke cikinsa, ɗaya sana'a da kuɗi, ɗaya abinci, ɗaya ibada, ɗaya kuma yadda yara ke magana da manya. Wannan rabon ne ke janye idonsu daga labarin zuwa gefen hoton, inda ainihin bayanin yake: takardun bashi a kan tebur, bokitin da aka tara wa yoyon rufi, wanda ke wanke kwanuka.

Duk inda ka dakatar, tambaya uku ce a jere: me kuka gani, me kuke jin yana nufi, me ba a nuna mana ba? Kada ka bari su tsallake ta farko. Ɗalibai kan ruga zuwa hukunci, "ba su da tarbiyya", alhali abin da aka gani kawai shi ne yaro ya kalli idon babansa yana magana, wanda a can alamar gaskiya ce da girmamawa.

Tarkon da ya fi kama malamai masu kyakkyawar niyya shi ne ana maganin ƙaba kai na kumbura. In ka jera finafinan talauci huɗu, ɗalibai za su tashi daga "kowa attajiri ne" su koma "ashe duk ƙarya ce, wahala suke sha". Wannan ma kuɗin goro ne. Bayan kowane fim mai nauyi ka kawo wanda ke nuna rayuwar masu matsakaicin hali, ko nasarar da aka samu ta hanyar karatu, irin Hidden Figures na 2016, kan mata baƙar fata masana lissafi a hukumar binciken sararin samaniya ta NASA a farkon shekarun 1960. Sannan kada ka gabatar da fim na gaskiya kamar wahayi. Masu Hoop Dreams sun ɗauki hoton kusan awa 250 suka tace shi zuwa ƙasa da uku, ke nan wani ne ya zaɓi abin da za a gani. Alamar "labarin gaske ne" ma tana da nata. A McFarland, USA na 2015, kan 'ya'yan manoma 'yan asalin Meziko a Kalifoniya da suka ci gasar gudu a 1987, an nuna kocin a matsayin sabon zuwa garin, alhali ya fara koyarwa a can tun 1964. Ka gaya musu wannan bayan sun kalla, ka tambaye su me ya sa aka canza. Haka finafinan da ofishin jakadancin Amurka ke nunawa a cibiyoyinsa na American Corner, ko ta shirin American Film Showcase: akwai masu kyau sosai a ciki, kuma hanya ce ta samun fim da izini, amma gwamnati ce ta zaɓo su, ya kamata ɗalibai su san haka.

Kowane fim ka kalle shi kai kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ya shiga aji, da biro a hannu, kana rubuta mintin da za ka tsaya da wanda za ka tsallake. Alamomin G, PG, PG-13 da R, masu nuna waɗanda fim ya dace su kalla, ma'aunin Amurkawa ne. Sumbata ko shigar da ba ta dame su ba tana iya sa iyaye su rufe maka shirin gaba ɗaya, don haka ka duba shafin jagorar iyaye na IMDb ko Common Sense Media, ka kuma sanar da shugaban makaranta jerin finafinan a rubuce. Game da izini, Netflix tana yarda a nuna wasu daga cikin finafinanta na gaskiya a wurin karatu, da sharaɗin kyauta ne kuma ta asusun mai nunawa. In za ka fita daga aji ka tara jama'ar gari, wannan wani babi ne: sai ka nemi izinin masu fim ɗin, a Kano kuma ka tuntuɓi hukumar tace finafinai ta jiha.

Wajen kayan aiki, sauti ya fi hoto muhimmanci, domin finafinan nan magana ce. Lasifikar kwamfuta ba za ta yi ba, ka samo ta waje ka ajiye ta a gaba, ƙarƙashin allo. Majigi mai hasken lumen 3,000 ya isa in an rufe tagogi da labule mai kauri. In da janareta za ka yi, ka kai shi nesa da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa za ta cinye hirar. Ka sauke fim ɗin tun kafin ranar, kada ka dogara da intanet. Ka kunna rubutun ƙasan allo na Turanci ko da ɗalibanka sun iya, saboda harshen mutanen Shikago ko na kudancin ƙasar ba shi ne Turancin littafi ba. A manhajar VLC kana iya rage gudun fim zuwa 0.9 ba tare da murya ta lalace ba, in rubutun ya riga magana ko ya makara kuma maɓallan G da H ke daidaita shi. In za ka fassara guntu zuwa Hausa, Subtitle Edit kyauta ce: layi biyu kawai a lokaci guda, kowanne kada ya wuce harafi 42. Ka guji sa wani ya riƙa fassara da baki yana ƙara gishiri irin na finafinan Indiya da ake juyawa, domin aji zai koma wurin raha, a kuma sa wa mutanen fim maganar da ba su faɗa ba.

Fim shida a zango ɗaya sun isa. A zaman ƙarshe ka mayar wa kowa takardarsa ta ranar farko, ya sake rubuta jimlolin biyar. Ba so ko ƙin Amurka kake aunawa ba, wannan ra'ayinsu ne. Ka duba ko jimlar ta samu wuri da lokaci, ko "Amurkawa masu kuɗi ne" ta koma wani abu kamar "ma'aikatan masana'anta a Ohio sun rasa fiye da rabin albashinsu bayan 2008". Wanda har yanzu ya rubuta "duk" ko "kowa", ka zagaye kalmar da jan biro, ka rubuta masa a gefe: a wace jiha, a wace shekara, a wane fim ka gani?